Yadda Na Hau da San Kawu Kan Rufin Mangaza

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na hau da sa kan rufin ɗaki ba, kuma ko na so in manta mutanen Gaya ba za su bar ni ba. Sa nake nufi, ƙato mai ƙaho da tozo, ba ɗan maraƙi ba. Da hankalina na yi, ba wanda ya tilasta ni, har gayyatar mutane na yi su zo su gani da idonsu.

Ni magini ne, maso kamar yadda ake ce mana. Na daɗe ina ginin siminti, sai aiki ya ja baya har na koma dakon buhuna a bakin duwan, wato kwastan, inda kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke layi. Ana nan sai Allah ya kawo wata formasiyo, wato horon sana'a, a Yamai, aka sa sunana. Wata biyu muka yi ana koya mana ginin da ba ya cin siminti da yawa. Ana zuba jar ƙasa a inji da ɗan siminti kaɗan, ya matse ta ta fito bulo mai ƙwari, ba a gasa shi da itace. Rufin kuwa da bulon ake lanƙwaso shi kamar baka har ya haɗe a sama, a cike gefe da gefe da ƙasa ya zama shimfiɗaɗɗe. Ba tol, wato kwanon rufi, ba ƙarfe, ba azara. Wannan na ƙarshen ya kama ni sosai, domin ina ganin yadda giginyun yankinmu ke ta raguwa saboda azara.

Na dawo Gaya kaina ya fi hulata girma. Duk inda na zauna sai na kawo zancen hayaƙin da masana'antar siminti ke turawa sama yana ƙara wa duniya zafi. In aka ba ni shayi sai na ciro waya na nuna hoton wani inji na ƙasar waje da ke fitar da bangon gida kamar ana murza taliya. (Ni kaina ban taɓa ganin injin ba, amma yadda nake bayani sai ka rantse tare muka tashi.) Innata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wato Yamai ka tahi aka koya maka ginin ƙasa? Kakanka da mi ya gina ɗakin da aka haife ka?" Na ce mata wannan na ilimi ne. Ta ce to Allah ya ba da sa'a.

Wata huɗu ba wanda ya ba ni ko ginin akurki. Wanda ya samu kuɗi siminti da tol yake so, don a san ya samu. Na fara tunanin in haɗa kayana in bi kamiyo zuwa Kwatano in ci gaba da dako a can, inda ba wanda ya san na taɓa cika baki.

Sai ga Hajiya Mariyama. Ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu masu sana'ar gumin shinkafa, mace mai magana ɗaya, wadda ko direbobin kamiyo ke rage murya in ta zo wucewa. Mangazarsu, ɗakin da suke ajiyar shinkafa, ta tol ce, da bazara zafi yana gasa shinkafar har ta riƙa karyewa wurin sussuka. Mangaza uku suke so. Ta ce, "Ɗan nan, na ji kana ta surutu. Gina muna guda mu gani. In ta yi, sauran biyun naka ne. In ba ta yi ba, kada in ƙara jin bakinka cikin garin ga." Na ce na yarda. A zuciyata na san ko dai wannan gini ko Kwatano.

Na ɗauko hayar injin bulo daga Malanbil, can ƙetaren kogi, tare da mai shi, wani Bashiru, mutum mai bin umarni kamar soja. Muka yi aiki ba ji ba gani. Mangaza ta tashi, rufi ya haɗe, na cike sama na daɓe. A tsakiyar rufin na bar kafa guda, faɗinta kamar bakin kwano, don zafi ya riƙa fita ta nan, na kife ta da ƴar hular yumɓu mai tagogi. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Wallahi ginin ya yi kyau, ko yanzu ba na jin kunyar faɗin haka.

Amma mata suka ƙi shiga. Sai su tsaya bakin ƙofa su ɗaga kai, su yi salati su ja da baya. Hajiya ta ce, "Ɗakin da ba azara, mi ya riƙe shi?"

Na ce, "Hajiya, bulon ne ke jingine da juna. Wannan ya jingina da wancan, wancan ya jingina da na gaba."

Ta ce, "Ni ma na taɓa jingina da wata, ta matsa na faɗi."

A Yamai an gaya mana in mutane suka yi shakka, a ɗora wa rufi nauyi a gabansu, buhunan yashi ko mutane. Da na yi hankali da na ce buhunan yashi. Amma mata sun fi ashirin suna kallona, wata har tana dariya a cikin mayafi, sai bakina ya riga ni. Na bugi ƙirji na ce, "Rufin nan ko sa aka hau da shi ba zai motsa ba!"

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "To, a hau da san. Daga hantsi har azahar, kai kuma kana zaune ƙarƙashi."

(Mai hankali a nan zai ce ai salon magana ne. Ni cewa na yi, "Wace rana kike so?")

Sa ɗaya na sani wanda za a iya ba ni aro, Jatau, san amalanken Kawu Saini, yayan innata. Kawu ya fi son Jatau da wasu daga cikin dangi, kuma ba ya ɓoyewa. Na je na durƙusa na yi bayani. Ya ce, "Hawa dai zai hau, in ya ga abin ci. Amma shi sa, ka san..." Na katse shi na ce, "Kawu, an auna komai, da ilimi ake abin nan." Ya ce, "To. Ka dai maido min shi da ƙafa huɗu, ina da kaya zuwa Tunuga."

Kwana biyu muka yi da lebura huɗu muna tara ƙasa a bayan mangazar, muka yi gangare mai faɗi tun daga ƙasa har bakin rufi, muka daddaɓe. Ƙasar da muka yi amfani da ita kuwa ita ce wadda aka tankaɗe don bulon katangar da za ta kewaye wurin, domin ita ce a kusa. Na cire hular yumɓun kafar nan na ajiye, kada Jatau ya taka ya fasa min.

Ranar da aka sa ta zo daidai da ranar da injin zai koma Malanbil, wani shantiye, wato wurin gini, na jiran sa. Da safe na kira Bashiru gefe, ina sanye da farar shadda sabuwa dal wadda na ɗinka don ranar. Na ce, "Yau ba ni da lokacinku, ina da baƙi. Kada injin nan ya huta. Duk ƙasar da ke filin nan ina son ta zama bulo kafin la'asar."

Ya ce, "Duka, patoro?" (Haka suke kiran maigidan aiki.)

Na ce, "Duka. A ginin zamani ba a barin ko cikin hannu ya lalace."

Jama'a ta cika fili. Matan ƙungiya, ƴan kabu-kabu, masunta da suka taso daga kogi, limamin unguwa, har da wani wakili daga ma'aikatar magajin gari da littafinsa a hannu. Na sa aka kawo bokiti biyu na ƙasari da dusa, abin da Jatau ba ya iya gani ya kau da kai. Ina gaba da bokiti, yana biye, taku ɗaya ɗaya, har muka hau. Fili ya ɗauki kabbara da guɗa. Na ɗaure shi a tsakiyar rufi daidai, wurin da mutane suka fi tsoro, na ajiye masa bokitan biyu na ce ya sha ya more. Na sauko, na shiga ciki, na dasa kujerata a tsakiyar ɗaki daidai, na ɗora ƙafa kan ƙafa.

Gaskiya da farko na ji tsoro. Duk motsin da Jatau ya yi ina jin sa a ƙashin bayana, ina ta karanto abin da na haddace a zuci ina murmushi a fuska. Amma rufi ko gezau. Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. A waje rana tana dukan mutane, ga ƙarar injin Bashiru daga baya, tum, tum, tum, ba tsayawa, ni kuma ina jin daɗi a raina ina cewa ga ma'aikaci. Wata tsohuwa ce ta fara shigowa, ta ce ita dai ta gaji da rana, in mutuwa ce ta same ta a inuwa. Da ta ji sanyi sai ta miƙe ƙafa. Sai ta biyu, sai ta biyar. Liman ya shigo da bismilla. Wakili ya shigo yana rubutu. Dab da azahar Hajiya Mariyama da kanta ta tako ta shigo, ta ɗaga kai ta duba, ta zauna a tabarma.

Ai sai na ga duniya ta zo hannuna. Da na yi shiru na jira kiran salla, da yau labarin daban ne. Amma na miƙe, na gyara wuyan shadda, na tsaya a gaban kujerata na fara jawabi. Na yi zancen giginya, na yi zancen hayaƙi, na yi zancen kakanninmu da suka san darajar ƙasa (zancen innata ne na ara ban faɗi mai shi ba). Wata ta tambaya, to in damina ta zo fa? Na ɗaga hannu sama, na nuna rufi da ɗan yatsa, na ce da ƙarfi, "Iyayena mata, ku shaida, rufin nan ko ɗigo ɗaya na ruwa ba zai..."

Shaaa.

A tsakiyar kaina ya sauka, ta kafar da na cire wa hula da hannuna. Ba ɗigo ba, zuba, kamar an buɗe famfo. Kuma da ɗumi. Ya bi hula, ya bi fuska, ya shiga wuyan riga ya gangara baya. Abin da har yau na kasa gane wa kaina shi ne ban matsa ba. Na tsaya ƙiƙam da yatsana a sama, kamar in na motsa ne abin zai tabbata. Bokiti biyu na ƙasari fa, ni na ba shi.

Tsohuwar nan da ta fara shigowa, idonta ba ya gani sosai, ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, ruwan fari ya sauka!" Ta kusa da ita ta ja hanci ta ce, "Iya, wannan ba na sama ba ne, na Jatau ne."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ɗakin kuma, saboda lanƙwasar rufinsa, yana ƙara wa murya amo, abin da ba a gaya mana ba a Yamai. Mata suna faɗuwa kan juna. Wakili ya rufe fuska da littafinsa, kafaɗunsa na rawa. Liman, Allah ya saka masa, ya so ya taimake ni. Ya yi gyaran murya ya ce, "Kada ka damu, ɗana. A mazhabarmu fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Kana iya salla da rigarka." Wannan fatawar ita ta ƙarasa waɗanda suka rage a zaune. Hajiya kaɗai ba ta yi dariya ba, ta dai sa bakin mayafi ta toshe hanci tana kallona, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Na ce a raina, abin da ya rage in sauko da san nan in maida shi, in je in shige ɗaki. Na fita ina ɗiga, na zagaya baya. Sai na tarar da bulo jere reras, layi bayan layi, sabo fil yana sheƙi. Gangaren kuwa babu fiye da rabinsa. Sun faro daga gindi sun ci, sun ci, abin da ya rage wani gungume ne manne da bango, tsaye kamar gaɓar kogi, ya fi tsawon mutum. Bashiru ya taho yana share zufa, fuskarsa cike da alfahari.

Na ce, "Bashiru, ina hanyar san?"

Ya ce, "Patoro, ka ce duka. Saura kaɗan ma mu gama." Sannan ya matso ya shinshina, ya ce, "An yi ruwa ciki?"

Na ɗaga kai. Jatau ya ja doguwar igiyarsa har bakin rufi yana tuƙa, yana kallon kogi da gadar Malanbil kamar wanda ya biya kuɗin wurin.

Nan shawara ta ɓarke, kowa ya zama injiniya. Aka kawo katakai aka jingina, Jatau ya shinshina ya juya mana baya. Wani ya ce a nemo motar ɗaga kaya daga bakin iyaka. Wani masunci ya ce a naɗe shi a taru a zuro shi a hankali, kamar giwan ruwa. Wani mahauci, ban san wanda ya kira shi ba, ya ce shi a ganinsa mafi sauƙi a hau da wuƙa a sauko da shi kashi kashi. Daidai nan Kawu Saini ya iso. Ya dubi sansa a sama, ya dubi mahauci, ya dube ni da rigata da ta fara bushewa ta zama ruwan ɗorawa. Ya ce, "In yanka za a yi, a fara da wanda ya hau da shi."

Ba wata dabara da ta rage sai a maida gangare. Bashiru ya ɗora injinsa a mota ya haye gada da la'asar kamar yadda aka yi alkawari. Ni da lebura muka koma muna farfasa bulon da aka buga ranar, tun bai gama ƙwari ba, muna maida shi ƙasa muna tarawa. Ni da na ce ba a barin ko cikin hannu ya lalace, da hannuna na rusa aikin yini guda. Kwana biyu Jatau ya yi a sama. Safe da yamma ina hawa tsani da harawa a ka da bokitin ruwa a hannu, ina sauko da abin da ya ajiye. (Kafar dai na maida mata hula tun ranar, wannan karatun ba sai an maimaita min ba.) Mutane suna zuwa kallo daga Malanbil har daga Kamba, hoton ya zagaya wayoyi, mai ƙosai ta kafa kaskonta a wurin. In ka hau kabu-kabu a lokacin, ba a ce maka unguwa kaza, sai dai a ce kafin sa ko bayan sa.

Da gangare ya kammala kuma Jatau ya ƙi sauka. Muka ja, muka tura, muka nuna dusa, ya kafe ƙafafu. Abin da Kawu ya so gaya min ke nan na katse shi, wato sa yana son hawa amma ba ya son ganin gangare a gabansa. Kawu ya bar mu muka galabaita sosai, sannan ya tafi ya jawo amalanke ya tsayar a gindin gangaren, ya ƙwanƙwasa karkiya da sanda, ya yi wata ƴar tsaki. Jatau ya huro hanci, ya tako a hankali ya sauko, ya je ya tsaya a wurin aikinsa. Kawu ya ɗaura masa karkiya suka tafi, ko waiwaye bai yi min ba.

Washegari ina ɗaki ina ninke kayana, na riga na yi magana da wani direba mai zuwa Kwatano, aka ce Hajiya Mariyama na kira. Na tafi kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na same ta cikin mangazar ita kaɗai, da doguwar sanda a hannu tana ƙwanƙwasa rufi tana saurare. Ta bi kusurwa huɗu, ta duba ko'ina, ba tsaga ko ta gashi.

Ta ce, "Kai dai wawa ne, ɗan nan."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ta ce, "Amma ginin ba wawa ba ne. Kwana biyu sa na kai da kawo bisa, ko ƙasa ba ta zubo ba. Gobe za mu zuba shinkafa. Sauran biyun ka fara bayan Juma'a."

Hawaye suka cika min ido, na durƙusa ina godiya. Sai ta ɗaga sandar ta ce ba ta gama ba. "Kowace ka gama, a hau da san."

Na ce, "Hajiya, ai an riga an gwada."

Ta ce, "Wagga aka gwada. Waɗancan ba a gwada su ba. Kuma kai za ka zauna ƙarƙashi."

Yau shekara huɗu ke nan ban koma dako ba. Na yi mangaza, na yi ɗakunan kwana, na yi aji biyu na lakwal, wato makaranta, a wani ƙauye wajen Yelu. Amma daga Gaya har can ba wanda ke karɓar gini a hannuna sai an hau da sa. Na yi bayani, na kawo buhunan yashi, na ce nauyinsu ya fi na sa, a banza. Abin da ake tambaya kawai shi ne, "Jatau ya hau?" In an ce ya hau, sai a shigar da kaya. Kawu ya daina fushi, har yana raka shi da sabuwar hula.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka bugi ƙirji a kansa a gaban matan Gaya, ka tabbata za ka iya yin sa har tsufanka, domin ba za su ɗauke shi salon magana ba. Yanzu in ranar gwaji ta zo, ba na ba sa ruwa sai ya sauko, ba na jawabi, kuma kujerata can jikin bango nake ajiye ta.